Yadda ake gyara ƙasar da mai ya ɓata da ƙwayoyin bakteriya

Ƙasar bayan gareji inda kanikawa ke tuttular da baƙin mai bayan juye, da gindin janareton da ya shekara yana ɗigar gazuwal, da rumfar mai sayar da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bayan fage, a bakin titin Marwa ko Kuseri, duk ciwonsu ɗaya ne. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta daskare, ruwa ba ya shigarta, ko ƙaya ba ta tsirowa a kai. Irin wannan ƙasa tana gyaruwa, kuma masu gyaran suna cikinta tun kafin man ya zuba: ƙwayoyin bakteriya masu cin mai, irin su Pseudomonas da Rhodococcus da Acinetobacter da Mycobacterium. A ƙasar da ba ta taɓa ganin mai ba, ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin da ke ciki ba. Da mai ya zuba sai su hayayyafa. Abin da ke tsayar da su shi ne rashin iska, rashin danshi da rashin taki, don haka aikin mai gyara bai wuce ya kawo waɗannan ukun daidai gwargwado ba, ya kuma jure watanni yana yi.

Mai, ko wane iri ne, sarƙoƙi ne da zobba na kabon da haidirojin. Ƙwayar tana da sinadarin da ke ɗauko oksijin daga iska ya liƙa shi a bakin sarƙar. Daga nan sarƙar ta koma wani nau'in kitse, sai ƙwayar ta riƙa gutsurar ta kabon biyu-biyu har abin ya ƙare a iskar kabon dayoksaid da ruwa da sababbin ƙwayoyi. Miƙaƙƙun sarƙoƙi, waɗanda suka fi yawa a gazuwal da kananzir, su ake fara cinyewa. Masu rassa su biyo baya, sannan ƙananan zobba. Manyan zobba masu huɗu ko biyar a haɗe, da baƙin daskararren nan mai kama da kwalta da ke cikin ɗanyen mai, su ne ke daɗewa, wani ma ba ya tafiya ko kaɗan. Shi ya sa tabon gazuwal kan wuce cikin wata uku zuwa shida idan an kula da shi, amma baƙin mai da ɗanyen mai sai a shekara ko fiye.

Kafin a ɗauki shebur

A fara sanin wane mai ne, don ba kowanne wannan hanya ke magani ba.

Fetur, har da zuwa-zuwa, yawancinsa tashi yake yi ya bi iska. Haɗarinsa gobara ce da shaƙa, da kuma sinadarin benzin da ke cikinsa, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a ruwan sha maikurogiram 10 a kowace lita (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita ɗaya tak ta isa ta kai ruwa lita dubu ɗari takwas da wani abu wannan iyaka. Wurin da fetur ya zuba sabo, a hana shan taba da kunna babur kusa, a bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a haƙa, kuma kada kowa ya shiga rami mai zurfi yana warin fetur, domin tururinsa ya fi iska nauyi, a ƙasan ramin yake taruwa.

Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa daga cikin inji da sinadaran da aka haɗa man da su. Bakteriya suna cin man, ƙarafan kuwa suna nan daram. Garejin da ake fasa batir a cikinsa ya fi muni, saboda dalma. Man taransifoma, musamman tsoho, kada a taɓa shi da wannan hanya. Wasunsu na ɗauke da wani sinadari mai guba da ake kira PCB, wanda sai masu kayan aiki na musamman.

Idan tanka ce ta kife, ko ɗanyen mai ne ya ɓullo kusa da bututun Doba zuwa Kiribi mai tsawon kilomita 1,070, ko wanda ke kai mai matatar Jarmaya a arewacin Njamena, wannan ba aikin mutanen unguwa ba ne. A sanar da hukuma, kada a haƙa kusa da bututu. A Kamaru dokar muhalli mai lamba 96/12 ta 1996 ta ɗora kuɗin gyara a kan wanda ya ɓata, a Chadi kuma an yi doka mai lamba 14 a 1998. Abin da ke tafe a nan na malalar da ba ta wuce duro ɗaya ko biyu ba ne.

Sai zurfi. A haƙa ƙananan ramuka tazarar mita biyu-biyu, daga tsakiyar tabon har a wuce gefensa, ana ɗibar ƙasa ana sansanawa a kowane santimita 25. A jigawa mai yashi, tabon da faɗinsa bai wuce tabarma ba zai iya nutsawa fiye da mita. A laka irin ta karal, inda ake dasa masakwa, mutum zai ɗauka man bai shiga ba, alhali ya bi tsagogin da rani ya buɗe ya gangara can ƙasa. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan yankin Ogoni a Najeriya ya nuna cewa a wurare da dama man ya nutsa mita 5 ko fiye, yayin da masu gyara ke kaftun sama-sama suna zuba taki. Abin da fartanya ba ta kai gare shi ba, iska ba ta kai masa ba.

Idan ramin gwaji ya kai ruwa kuma akwai ƙyallin mai a samansa, a daina shan rijiyoyin kusa, a kira hukuma. Tafasa ruwan ba abin dogaro ba ne. A bakin Logon da Shari, inda ruwan ƙasa ke kusa, wannan kan faru da wuri.

Kwashewa da shirya fili

Man da ke kwance a fili a kwashe shi da gwangwani ko tsumma a zuba a duro mai murfi. Ragowar a barbaɗa masa garin katako ko buntun shinkafa ya tsotse, a tattara a haɗa da ƙasar da za a gyara. Abubuwa huɗu da aka saba yi duk ɓata aikin suke yi: rufe tabon da yashi yana toshe iska, cinna masa wuta yana kashe ƙwayoyin sama, ya bar baƙin da ya fi na da wuyar ci, zuba omo da ruwa yana tura man ƙasa wajen rijiya, ruwan jabel kuwa kashe masu aikin yake yi.

A haƙe duk ƙasar da ke wari, a ƙara santimita 20 bayan warin ya ƙare. Masu aikin su sa takalmin roba da safar hannu.

Filin gyaran ya zama a tudu, inda ambaliya ba ta zuwa. Wanda ya ga ruwan 2022 a Njamena da na 2024 a Yagwa ya san inda bai kamata a tara gurɓatacciyar ƙasa ba. A nisanta shi da rijiya da mayo, wato rafi, aƙalla mita 50, in da hali 100, kuma ya kasance ruwan sama ba daga filin yake gangarawa wajen rijiyar ba. A daɓe gindin da laka mai kaurin santimita 20, ko a shimfiɗa leda mai kauri a zuba mata yashi santimita 10 zuwa 15 don kada bakin fartanya ya huda ta. A ɗan karkata filin, santimita ɗaya ko biyu a kowace mita, a binne rabin duro a kusurwar da ta fi gangara domin tarar ruwan da ya tsatso. A kewaye da kunya mai tsayin santimita 40, sannan shingen ƙaya, saboda yara da awaki.

Haɗin

Mai idan ya yi yawa yana kashe masu cinsa. Sama da kashi 5 cikin 100 na nauyin ƙasa, wato giram 50 a kilo, aikin kusan tsayawa yake yi. An fi so a fara daga kashi 1 zuwa 3. In babu ɗakin gwaji, a matse ƙasar a hannu mai safa. Idan mai ya tsatso ko safar ta yi sheƙi, ya yi yawa, a surka da ƙasa mai kyau. Ana kuma iya ɗora dunƙule a kan takardar buhun siminti a bar shi awa ɗaya. Tabo mai faɗi da ya ratsa takardar alama ce ta a ƙara surki.

Haɗin da ke aiki shi ne baro uku na gurɓatacciyar ƙasa, baro ɗaya na kashin shanu da ya daɗe a ajiye, baro ɗaya na abin da zai buɗe ƙasar: buntun shinkafa, wanda ake samu jibge a Yagwa da Maga, ko ɓawon gyaɗa, ko yankakken karan dawa. A laka a ƙara buntun, a yashi a ƙara kashin shanun, domin yashi iska yake da ita, ruwa ne ba ya riƙewa. Kashin kaji ya fi ƙarfi, rabin baro ya isa. Garin katako yana yi, amma shi ma yana cin takin da aka zuba, don haka kada ya yi yawa. A farfasa hoge kada ya wuce santimita 3, domin cikin hoge babu iska, man ciki zai zauna yadda yake ko da na waje ya ƙare.

A baza haɗin da kaurin santimita 30. Wanda zai yi amfani da garmar shanu ya tsaya a 20, iyakar inda garmar ke kaiwa ke nan, kuma gindinsa ya zama daɓen laka, ba leda ba.

Za a zo maka da jarkokin "ƙwayoyin cin mai" na sayarwa. Mafi yawan lokaci kuɗin ya fi amfani a ruwa da leburori. Bayan malalar jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, taki aka zuba a gaɓar teku ya hanzarta aikin ƙwayoyin da ke wurin. A wani gwaji da aka yi a gaɓar Delaware ta Amurka a 1994, ƙara ƙwayoyi a kan takin bai ƙara wani abin a zo a gani ba. Idan malalar sabuwa ce kuma ana son a rage jiran farko, a je tsohon gareji, a ɗebo ƙasa daga gefen tabon inda ciyawa ta fara dawowa, bokiti ɗaya ko biyu ga kowane baro 15, a gauraya.

Lissafin taki

Mai kusan duka kabon ne da haidirojin. Ƙwaya ba ta iya gina jikinta da kabon kaɗai, sai da naitirojin da fosforas, kuma ƙasarmu dama ba ta da su da yawa. Ma'aunin da aka saba shi ne kabon 100, naitirojin 10, fosforas 1.

Ɗauki duro ɗaya na gazuwal, lita 200. Nauyinsa kusan kilo 168 ne, kuma kusan kashi 85 cikin 100 kabon ne, wato kilo 143. Bisa ma'aunin ana buƙatar naitirojin kilo 14 da fosforas kilo 1.4. Takin yuriya naitirojin ɗinsa kashi 46 ne. NPK 20-10-10 kuwa lambarsa ta tsakiya ba fosforas zalla take nufi ba, abin da ke ciki bai wuce kashi 4.4 ba. Saboda haka kilo 32 na NPK zai ba da fosforas ɗin duka da naitirojin kilo 6 da ɗoriya, sai a cike da yuriya kilo 17. Domin man ya sauko kashi 2 cikin 100, wannan duro yana buƙatar ƙasa tan 8 da rabi, wato kimanin baro 100. In an haɗa da kashin shanu da buntu, fili mai mita 5 da 7 zai ɗauke shi.

To, ga inda ake faɗawa rami. Wancan lissafi iyaka ce ta sama, ba abin da za a juye rana ɗaya ba ne. Taki gishiri ne. Idan ya yi yawa a ɗan ruwan da ke cikin ƙasa, yana zuƙe ruwan jikin ƙwayoyin, aikin ya tsaya cik, mai shi kuma ya ɗauka takin ne bai isa ba ya ƙara. A kowane zubi kada a wuce rabin kilo na yuriya, ko kilo ɗaya na NPK, ga tan ɗaya na ƙasa. A misalinmu, zubin farko NPK kilo 8 da rabi, bayan wata ɗaya yuriya kilo 4, a riƙa musanyawa haka. A ƙasa mai yashi a rage kashi ɗaya cikin uku, tunda ruwan da take riƙewa kaɗan ne. Zubi huɗu ko biyar sukan wadatar, ba sai an kai ƙarshen lissafin ba, domin ƙwayar da ta mutu takinta na komawa ga mai rai, ga kuma abin da kashin shanu ke bayarwa.

A narka takin a duron ruwa, a yayyafa da yamma, a juya ƙasar nan take. Yuriyar da aka watsa a busasshiyar ƙasa aka bari a rana, musamman a laka mai kanwa-kanwa, iska take bi. Idan ka ji wari mai hawa hanci kamar na fitsari washegari, kuɗinka ne ke tashi. Ruwan yuriya kuma guba ne ga awaki da shanu, kada a bar duron a buɗe.

Tsamin ƙasa ya tsaya tsakanin 6 da 8 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Takardar gwaji ta isa. Lakar kwarin Binuwai da ta Diyamare yawanci tana ciki. Jar ƙasar tudun Ngaundare takan yi tsami fiye da haka, sai a zuba tokar itace ko garin farar ƙasa irin ta Figil, kilo ɗaya zuwa biyu a tan, a sake aunawa bayan mako biyu. Kada a zuba toka rana ɗaya da yuriya. A wajen tafkin Chadi, inda kanwa ke fitowa a ƙasa, a guji ruwan rijiya mai zartsi, a ƙara kashin shanu.

Iska da ruwa

Kowane kilo na mai yana buƙatar oksijin fiye da kilo uku kafin ya ƙone ƙurmus a cikin ƙwayoyin. Duron nan ɗaya ke nan zai ci fiye da rabin tan, wanda sai an tace shi daga iska kusan mita kubik dubu biyu. Iskar da ke cikin ramukan ƙasar filin a lokaci ɗaya ba ta wuce mita kubik biyu ko uku ba. Dalilin juyawa ke nan. A watan farko a juya sau biyu a mako, bayan haka sau ɗaya, kuma fartanya ta kai gindi, ta ɗago na ƙasa ya koma sama. Kusurwoyi da gefen kunya su ne lebura ke tsallakewa, a duba su.

Ruwa kuma kaifi biyu ne da shi. Ƙwayoyin a cikin ɗan siririn ruwan da ya lulluɓe ƙwayar ƙasa suke rayuwa. In ya bushe sun kwanta. In kuma ruwa ya cika ramukan, oksijin yana tafiya a ruwa a hankali sau dubu goma fiye da yadda yake tafiya a iska, sai su shaƙe. Gwajin a hannu yake. Ka ɗebo ƙasa daga zurfin santimita 15 ka matse. Ya kamata ta dunƙule kamar curin fura, ta bar sanyi a tafin hannu, ba tare da ɗigon ruwa ya fito ta tsakanin yatsu ba, in ka danna ta da babban yatsa kuma ta wargaje. Idan ta ƙi dunƙulewa, ƙara ruwa. Idan ta yi tsantsi tana manne wa yatsu, dakata, kuma kada ka juya laka a wannan hali, domin za ta bushe ta zama tubali.

Jiƙon farko na filin mita 5 da 7 zai sha duro biyar ko shida. Ƙasa mai mai tana ƙin ruwa, za ka ga ya taru dunƙule-dunƙule yana gangarewa. Kada a kwarara da tiyo. A yayyafa kaɗan, a juya, a sake yayyafawa, har kwana biyu ko uku. Bayan haka, da rani, a fara da jarka huɗu zuwa shida masu lita 25 kowace yamma, hannu ya faɗa maka ko a ƙara ko a rage. Ruwan da ya taru a rabin duron kusurwa a mayar da shi kan filin, kada a zubar a kwata.

Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa da sauran danshi, ga watanni huɗu masu sauƙin zafi a gaba. Sanyin hunturu ba ya hana komai, iskarsa ce ke busarwa. Ƙwayoyin sun fi ƙwazo tsakanin digiri 25 da 35, sama da 45 kuma sai su ja baya. A Maris da Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke wuce 40 a Garwa da Njamena, baƙar ƙasa a rana tana zarce 55. Dole a rufe filin da ciyawa ko karan dawa kaurin santimita 5 zuwa 10, ko a kafa rumfar zana a kai. Ranar juyi a ja ciyawar gefe, a gama a mayar. Gara za ta shigo ta ci, a ƙyale ta, ramukanta iska suke shigarwa, a dai riƙa ƙara ciyawar.

Da damina matsalar ta juya. A Agusta a kafa sanduna a ɗora tamfol ya yi tozo, gefensa a buɗe, a yaye shi idan rana ta fito. Tamfol da aka shimfiɗa kai tsaye a kan ƙasa aka danne da duwatsu yana yin aikin da ruwan zai yi, wato toshe iska.

Alamun matsala ba su da wuyar ganewa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ƙasa mai launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi a gindi na nufin iska ta ƙare: a buɗe magudana, a bari ta sha iska, a ƙara buntu a juya. Farin gishiri a sama na nufin taki ko zartsi ya yi yawa: a tsallake zubi ɗaya, a jiƙa da ruwa mai daɗi. Farin zare-zare a jikin karan dawa naman gwari ne, kuma alheri ne, wasu irinsa suna taimakawa wajen fasa manyan zobba. Idan warin mai ya ragu sosai a wata biyu na farko sannan abin ya tsaya, ba lalacewa ya yi ba. Mai sauƙin ci ne ya ƙare, saura mai tauri da wanda ya maƙale cikin laka. A ci gaba da juyi da ruwa, a rage taki.

Inda fili ya yi ƙaranci, kamar cikin gari, a tara haɗin tuli mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a jera bututun roba masu faɗin santimita 10 da aka huhhuda, jeri ɗaya a gindi, wani a tsakiya, tazarar mita ɗaya, bakunansu a waje. Tuli yana riƙe danshi fiye da shimfiɗa, amma yana ɗaukar zafi. A soka rodi a tsakiya a bar shi minti goma. In ba ka iya riƙe shi da hannu, a rushe tulin a sake tarawa. Ko bai yi zafi ba, a rushe shi duk wata.

Yaushe aka gama

Hanci ba ya wadatarwa, don masu wari su ne ke fara tafiya. A cika kwalba rabi da ƙasar, a ƙara ruwa, a girgiza, a ajiye awa ɗaya. In bakan gizo ya fito a saman ruwan, da saura. In ya wuce wannan, a yi gwajin iri. Tukwane biyu, ɗaya da ƙasar filin, ɗaya da ƙasa mai kyau irinta daga kusa, a shuka ƙwayar latas 20 a kowace, a ba su ruwa iri ɗaya. Latas ba ya jure mai, shi ya sa ya fi dawa faɗin gaskiya. Bayan kwana goma a ƙirga waɗanda suka fito, a tuge a gwada tsawon saiwa. Idan na filin sun kai kashi 80 cikin 100 na ɗayar tukunyar, an kusa. A yi gwajin wata ɗaya bayan zubin taki na ƙarshe, don kada gishirin taki ya hana tsiro a ɗora wa mai laifi.

Idan aikin na kamfani ne, ko akwai rigima da maƙwabci, sai ɗakin gwaji ya auna jimillar man da ke cikin ƙasa, miligiram nawa a kilo. A ɗebo daga wurare biyar na filin, sama da gindi, a gauraya, a cika kwalbar gilashi har baki, a rufe, a sa a sanyi. Samfurin farko a ɗauke shi bayan an gama haɗi da kashin shanu da buntu. Wanda ya auna kafin haɗi ya sake aunawa bayan mako ɗaya zai ga lamba ta faɗi da yawa, alhali surki ne kawai, ba a ci komai ba. Wasu 'yan kwangila da wannan suke karɓar kuɗi. A gaya wa ɗakin gwajin cewa akwai kashin dabbobi a ciki, domin kitsen tsirrai na iya shiga lissafi. Rage mai fiye da kashi 95 cikin 100 da wannan hanya abu ne mai wuya, kuma hukumar muhalli ce ke faɗin lambar da za a tsaya a kai. In baƙin mai ne, a nemi a auna dalma da sauran ƙarafa.

Ƙasar da ta fito daga gazuwal ko kananzir, in ta ci gwajin iri, a fara shuka mata wake ko ciyawar jema damina ɗaya. Saiwoyin suna ciyar da ƙwayoyin su ƙarasa ragowar. Wannan waken kada a ci, kada a ba dabba harawarsa, a nome shi cikin ƙasar. Wadda ta fito daga baƙin mai kuwa ba ta lambun albasa ko karas ko latas ba ce ko da ta yi kyan gani, sai dai cikon hanya ko gindin darbejiya, nesa da rijiya. Yashin da aka shimfiɗa a kan leda da santimita 5 na saman daɓen laka su ma sun sha mai, a kankare su a haɗa da ƙasar da za a gyara nan gaba.